Rigar da Babanku Bai Sa Ba

Hadiza ce ta ja ni na ɗauki biro. Ta dawo daga biki a Mokola idonta jajir, wai wata mata ta ce mata a gaban mutane, ai ku ne 'ya'yan wanda ya sayar da kujerar Sabo. Na san dukkanku kun daɗe kuna jin wannan magana, kowa ya haɗiye tasa, ni kuma na yi shiru domin shirun ya fi mini sauƙi. Yanzu babanku ya rasu, idona ya fara gajiya, gara in faɗa muku yadda aka yi tun ina iyawa. Sai dai ku yi haƙuri da ni, akwai wuraren da har yau ban gane kansu ba. Sau bakwai na je kotu, sau bakwai na dawo gida ban san ko mu muka ci ko mu aka ci ba.

Shekarar da kansilanmu ya rasu, saura fiye da shekara biyu wa'adinsa ya ƙare. Kar ku raina kansila. A garin da ba na kakanninka ba, irin wannan na Yarabawa, shi ne mai shiga ofishin ƙaramar hukuma ya tuna musu cewa akwai mutane a nan ma. A zamanin marigayin aka yashe babban lambatun bayan layinmu, muka yi damina biyu ruwa bai shiga ɗaki ba. Da aka ce za a yi zaɓen cike gurbi, jam'iyyar da unguwarmu ta Sabo ke bi ta ce a fito da mutum ɗaya, kuma kowa ya san wanda ta tsayar ya gama ci. Suna uku suka shiga takarda. Akwai babanku, akwai Yaya Garba, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, akwai kuma Taju mai shagon waya a Mokola, wanda uwarsa Bayarabiya ce, ubansa ɗan layinmu. Ba wanda ya sa Taju a lissafi.

Babanku bai je ya karɓi fom da ƙafarsa ba, 'yan goro na Ojoo ne suka karɓo masa. Shi ma Yaya, abokan sana'arsa masu shanu a Akinyele ne suka karɓo. In ka tambayi ɗaya daga cikinsu sai ya ce wallahi ɗora masa aka yi. Ku kuma tuna waye Yaya a wajen babanku. Shi ya same shi a tasha yana saurayi, daga shi sai jakar hannu, ya ba shi ɗaki, ya haɗa shi da masu goro, daga baya ya ba shi ni, domin mahaifinmu ya riga ya rasu. Tun da nake ban taɓa ganin babanku ya hau kujera Yaya yana ɗakin ba, ban taɓa ganin ya ci abinci a gabansa ba.

Amma yana so. Ni na sani, ni kaɗai. Wata rana da hantsi ina cikin dakan naman dambu ya shigo da leda a hammata, ya yafito ni ɗaki ya turo ƙofa. Babbar riga ce, farar shadda, aikin wuyanta kamar ka sa hannu ka ɗauke, ɗinkin Baba Lamidi tela na Mokola. Mutumin da ko da sallah sai na yi faɗa yake yarda a yi masa sabon kaya.

"Sa min ita a ƙasan akwatinki," ya ce. "Ta ranar rantsarwa ce, in Allah ya nufa. Balaraba, daga ni sai ke."

"Ashe dai ba ɗora maka aka yi ba," na ce.

Ya yi dariya ya rufe fuska da hula. Na ji daɗin wannan rana ƙwarai. Na naɗe rigar na sa ta ƙarƙashin zannuwana, na koma turmi ina ta murmushi ni kaɗai.

A zaurenmu aka yi zaman sasantawa, bayan azahar. Alhaji Mamman, dattijon layinmu, shi ya jagoranta, jam'iyya kuma ta turo sakatarenta, Mista Adigun, da littafi da biro. Taju bai ma zo ba. Ni ina bayan ƙofa da kwanon dambu, kunnena duk yana waje. Kun san yadda ake yi a wajenmu. Ba wanda zai buɗe baki a gaban manya ya ce ni nake so. Wannan zai ce ya bar wa wancan, wancan ya ce ya bar wa wannan, a yi ta kara har sau biyu sau uku, sannan dattijo ya gyara murya ya ce, to tunda kun ba mu, wane kai za ka riƙe. Kowa ya tashi da mutuncinsa.

"Ni ina ni ina tsayawa Yaya yana tsaye?" in ji babanku. "Na bar masa."

"A'a, Malam," in ji Yaya, "kai ne mai jin bakin Yarabawa, kai ke shiga gari. Ni da shanu nake magana. Na bar maka."

Suka sake, suka kuma sakewa. Ina jin Mista Adigun yana tambayar kowannensu da 'yar Hausarsa, "Alhaji, you step down? Ka janye, abi?" Kowanne ya ce e, ya janye wa ɗan'uwansa. Alhaji Mamman bai yi gaggawa ba, domin dattijo ba ya yanke magana da zafinta. Ya fasa goro, ya ba da labarin wani rikici na zamanin mahaifinsa, yana cikin labarin aka kira la'asar. Ya ce a je a yi sallah a dawo a ƙarasa. Hadari ya haɗu, Mista Adigun ya ce shi zai gudu kafin ruwa, ya miƙa littafi kowa ya sa hannu cewa ya halarta, abin da suka ɗauka ke nan, ya hau okada, wato acaɓa, ya tafi. Bayan sallah Alhaji Mamman ya ce tunda mai rubutu ya tafi, a bari sai an sake zama.

Ba a sake zama ba. Bayan kwana huɗu aka manna takarda a bangon ofishin jam'iyya, sunan Taju a kai. Mutane suka cika ofishin suna ihu, Mista Adigun ya fito da littafinsa ya buɗe. Mutum uku suka nema, biyu sun janye da bakinsu, ga sa hannunsu, saura wa? Na daɗe ina tsine wa mutumin nan, Allah ya yafe mini. Da na tsufa na zauna na duba, ban ga inda ya yi ƙarya ba. Abin da ya ji ya rubuta. A wajensu in mutum ya ce ya bari, ya bari ke nan.

'Yan goro da 'yan shanu suka haɗu suka ɗauko lauya, wani Akande mai yawan share gumi. Daga nan kaina ya fara juyawa. Zuwanmu na farko aka ce alƙali ya yi tafiya. Na biyu aka ce ba wannan kotun ke da hurumi ba, a je wata. Ana cikin haka jam'iyyar ta rabu biyu, kowane ɓangare da shugabansa da hatiminsa, aka ce wani ɓangaren ya aika sunan babanku, muka yi murna har na raba alkaki a layi, washegari aka ce ɓangaren nan ba shi hukuma ta sani ba. Wata rana aka ce an hana zaɓe, wata rana aka ce an hana hanawar. In na tambayi babanku sai ya ce shi ma sauraro yake. In na tambayi maƙwabta, kowace da nata hukuncin, kamar kowace gidan alƙali ta kwana. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne duk wanda ya fito daga kotun, namu da nasu, kowa cewa yake yau mun yi nasara.

Ranar da ba zan manta ba, Yaya yana zaurenmu yana shan kunun da na dama masa, ma'aikacin kotu ya yi sallama ya miƙa masa takarda. Yaya ba ya karatun boko, ya ba wani ya karanta. Takardar ta ce babanku ne ke ƙara, cikin waɗanda yake ƙara kuwa har da Garba. Babanku ya zame daga tabarma ya durƙusa.

"Wallahi tallahi, Yaya, ban sani ba. Ni in kai ka ƙara?"

"Na sani, Malam. Tashi."

Amma bai ƙarasa kunun ba. Lauya ya zo ya yi ta bayani, wai doka ce ta ce duk wanda abin ya shafa sai an sa sunansa, wai ba faɗa ba ne, tsari ne kawai. Ni dai abin da na gani, mijina yana ƙarar yayana a kan kujerar da kowannensu ya rantse ba ya so, kuma har yau ban sami wanda ya fahimtar da ni wannan ba.

A ƙarshe lauya ya tara su a zauren nan dai, ya ce magana ta rage ɗaya. Dole ɗaya ya rantse a gaban alƙali cewa ya janye da gaske, ɗayan kuma ya rantse cewa shi bai janye ba, al'ada ce kawai ya yi. In aka yi haka kujera ta dawo Sabo. Ya ce su zaɓa. Ina bayan ƙofa na ji babanku ya ce Yaya ne zai tsaya. Na ji Yaya ya ce a'a, Malam ne. Lauya ya ɗora hannu biyu a ka, ya shiga roƙo da Yarabanci da Turanci, wai wannan halin ne ya kawo mu nan.

"Ejo, Alhaji, na this same thing bring us here! Ɗaya kawai, ɗaya ya ce ina so!"

Ba wanda ya ce. Alhaji Mamman da zai raba su yana kwance ba lafiya, ba ya gane mutane. Zuciya ta ciyo ni. Kun san ni, ba na iya ganin abu yana ƙonewa in tsaya ina jiran a ce in sauke. Na ga manyan maza biyu za su jefa unguwa cikin ruwa saboda kunya, na ga kuma ni kaɗai ke riƙe da abin da zai warware. Washegari da safe na zuba dambu a kwano, na sa mayafi na tafi gidan Yaya. Na same shi yana shirin tafiya Akinyele.

"Yaya, magana na zo da ita. Malam yana son kujerar nan. Kunyarka ce ta hana shi faɗa."

"Shi ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba. Har riga ya ɗinka ta rantsarwa, tana akwatina tun kafin zaman nan."

Yaya ya ajiye takalminsa. Can ya ce, "Wane tela?"

"Baba Lamidi."

"To," ya ce. "Kin kyauta, Auta. Je ki gida."

Na dawo ina jin na yi abin kirki. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ni a ranar gani nake na fi kowa dabara a Sabo. Ban tambayi Yaya komai game da kansa ba, ko a raina abin bai zo ba.

Shi ma Yaya da kyakkyawar niyya ya yi abin da ya yi. Bayan azahar a ƙofar masallaci, mutane suna neman takalmansu, ya dafa kafaɗar babanku ya ce da ƙarfi don kowa ya ji an gama, "Malam, ka fito da rigar nan ta sha iska, ranar sa ta ta kusa. Na bar maka da zuciya ɗaya." Mutane suka yi dariya, wasu suka fara yi masa barka, wani ya ce ashe Malam shiru-shiru ne. Babanku ya shigo gida, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya tsaya a bakin madafa ina juya nama.

"Wa ya faɗa wa Yaya?"

"Ni ce. Don a gama ne, Malam. Yanzu ai hanya ta buɗe."

"Wata uku ina ce masa na bar masa, riga tana akwati." Ya juya zai fita. "To."

Ranar shaida na sa kayana masu kyau. Yaya aka fara kira, ya rantse, ya ce ya janye da gaske, ba ya nema, ya sauko. Lauyanmu ya juyo ya yi mana murmushi. Saura kalma ɗaya daga bakin babanku. Ya hau, ya rantse, lauyanmu ya yi masa 'yan tambayoyi, sannan lauyan Taju ya tashi, tafinta yana juyawa.

"Ranar da ka ce wa yayan matarka ka bar masa, a gaban dattawa, gaskiya ka faɗa masa ko ƙarya?"

Lauyanmu ya miƙe yana magana da Turanci, alƙali ya ce ya zauna. Babanku ya dubi inda Yaya yake, Yaya ya gyaɗa masa kai, ma'ana faɗi, ba komai. Ni ma ina ta yi masa alama da ido. Bai kalle ni ba.

"Ban taɓa yi wa Yaya ƙarya ba," ya ce.

"Wato ka janye da gaske?"

"Abin da na faɗa masa, shi na faɗa."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Ni kuwa, ku ji wautata, da na ji ya yi magana mai kyau, ga mutane suna motsi, sai na ɗauka mun ci, har na ce alhamdulillahi a fili, matar da ke kusa da ni ta juyo tana kallona. Sai da muka fito na ga Lauya Akande ya cire farin gashin nan na lauyoyi ya cusa a jaka bai yi wa kowa sallama ba, sannan na gane ba lafiya ba. Ko a ranar ma ba a yanke ba, aka sake ɗagawa. Ranar da aka yanke ban je ba, a rediyon maƙwabta na ji, kuma sai da na sa aka maimaita mini sau biyu kafin na gane Taju ne.

Maganar sayarwa ga inda ta fito. Bayan an rantsar da Taju ya zo gaisuwa da rago, ya kwanta ƙasa a gaban babanku irin gaisuwar dangin uwarsa, da rana tsaka, layi duk yana gani. Babanku ya sa aka yanka aka raba wa maƙwabta, ko tsoka ba ta shiga tukunyata ba. Waɗanda suka ci naman su suka fara cewa ga kuɗin kujera nan. 'Yan goro suka daina tsayawa rumfarsa, wasu sun mutu ba su sake gaishe shi ba. Duk daminar da ruwa ya shigo ɗakuna, akwai mai wucewa ta ƙofarmu ya yar da magana. Taju ba mugu ba ne, ya yi abin da ya iya, amma shi a Mokola yake kwana, ba ya jin lambatunmu.

Babanku bai taɓa kare kansa ba, domin in zai kare kansa sai ya faɗi abin da na yi. Bai sake ni ba, bai zage ni ba, bai rage mini komai ba. Abu ɗaya ya canja. Shekara goma sha ɗaya muka ƙara tare, bai sake yafito ni ɗaki ya turo ƙofa ba. In na tambaye shi me yake so, ko a kan miya ne, sai ya ce duk abin da aka yi. Wannan ya fi mini duka ciwo, kuma ni na saya da bakina. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali, yana jinyar ƙarshe, na ce masa, Malam, ranar nan a kotu, kunya ce ta sa ka, ko fushina ne, ko da gaske ka bar wa Yaya?

"Balaraba," ya ce, "lokacin da na ce na bar masa, gaskiya na faɗa. Lokacin da na kai ɗinkin ma gaskiya ne. Ni ma ban san yadda aka yi ba."

To, Hadiza, in matar nan ta sake faɗa, ki ce mata ba a sayar da komai ba. In tana neman mai laifi, ki nuna mata ƙofata.

Saura abu ɗaya, shi ne bara, bayan sadakar arba'in ɗin babanku. Da aka zo raba kayansa na ciro rigar daga ƙasan akwati, har yanzu da karin guga a jikinta. Na ce ba wanda ya cancance ta sai Yaya, shi da ya bar kujera saboda ita. Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, idonsa ya yi rauni, na ajiye masa a cinya. Ya bi aikin wuyan da yatsa a hankali, ya daɗe yana bi.

"Hannun Baba Lamidi ne," ya ce. "Ashe fara ya zaɓa."

"Fara ce, Yaya."

"Tawa shuɗiya ce. Tana nan cikin ɗaki, ban taɓa warware ta ba."

Na zauna a gabansa. Ban san wa zan fara ba haƙuri ba, wanda ke kabari ko wanda ke kan tabarma.